Ziyarar tsaunin wasan zamiya mai zaman kansa: abin da ya kamata a sani kafin a kama hanya

A duk shekara, daga watan Disamba zuwa farkon Afrilu, miliyoyin mutane a Amurka kan nufi tsaunuka domin yin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Da dama daga cikin wuraren da suka fi suna a wannan wasa sun koma hannun wasu manyan kamfanoni guda biyu, to amma har yanzu akwai ɗaruruwan ƙananan wurare masu zaman kansu, waɗanda iyalai ko garuruwa ko ƙungiyoyi ke gudanarwa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne Mad River Glen, da ke jihar Vermont a arewa maso gabashin ƙasar. Wuri ne da 'yan wasan da kansu suka haɗa kuɗi suka saya, kuma su ne ke yanke shawara a kan yadda za a tafiyar da shi. Duk wanda ke da niyyar kai ziyara irin wannan wuri, ko ɗalibi ne da ke karatu a Boston ko kuwa ma'aikaci da ke zaune da iyalinsa a New York ko Montreal, yana bukatar shiri dabam da na wanda zai je manyan wuraren shaƙatawa. Dalili kuwa shi ne, a nan yanayi ne ke da ta cewa, ba kamfani ba.

Me ake nufi da wuri mai zaman kansa?

Jihar Vermont na da daɗaɗɗen tarihi a wannan wasa. A garin Woodstock na jihar ne aka kafa igiyar farko ta jan 'yan wasa zuwa kan tudu a Amurka, a watan Janairun 1934, inda aka yi amfani da injin wata tsohuwar mota ƙirar Ford. Daga nan sai ƙananan wuraren wasa suka yi ta bazuwa, har ta kai ga garuruwa da yawa kowanne na da tudunsa. To sai dai akasarinsu sun mutu. Masu bin diddigin tarihin wasan sun lissafa wurare fiye da 100 da aka rufe a Vermont kaɗai, saboda tsadar inshora da ta kayan aiki da kuma ƙarancin dusar ƙanƙara a wasu shekarun.

Wani babban sauyi ya zo a 2008, lokacin da kamfanin Vail Resorts ya fito da tikitin Epic Pass, wanda mutum ke saya tun kafin shigowar sanyi, ya yi wasa da shi a duk wuraren kamfanin har ƙarshen kaka. A 2018 kuma kamfanin Alterra ya fito da nasa mai suna Ikon Pass. Kamfanonin biyu sun shiga sayen tsaunuka ɗaya bayan ɗaya. A Vermont, Vail ya sayi Stowe a 2017, da Okemo a 2018, da Mount Snow a 2019, yayin da Alterra ya mallaki Stratton, sannan a farkon 2020 ya sayi Sugarbush, wanda ke maƙwabtaka da Mad River Glen.

Dabarar kamfanonin ita ce su sassauta farashin tikitin kaka, su kuma tsauwala na yini ɗaya, domin jama'a su biya kuɗinsu tun da wuri ko ƙanƙara ta sauka ko ba ta sauka ba. A lokacin sanyin 2024 zuwa 2025, tikitin yini ɗaya a wasu manyan wurare na jihohin Colorado da Utah ya haura dala 300 a ranakun hutu. Wuri mai zaman kansa shi ne wanda bai shiga hannun irin waɗannan kamfanoni ba. Ba shi da wani reshe a wata jiha da zai cike masa giɓi idan shekara ta yi muni, don haka rayuwarsa ta dogara ne a kan mutanen da suka zo ƙofarsa.

Tsaunin da 'yan wasa suka saya

Wani ma'aikacin banki daga New York mai suna Roland Palmedo ne ya kafa Mad River Glen, aka kuma buɗe shi a ƙarshen 1948, a kan tsaunin Janar Stark da ke garin Fayston. Palmedo na cikin waɗanda suka raya wasan a Stowe tun farko, amma ya ga harkar kasuwanci na neman rinjayar wasan kansa, shi ya sa ya nemi wani wuri inda wasan ne zai kasance a gaba.

A 1972 wurin ya koma hannun wasu masu zuba jari, ciki har da Truxton Pratt, kuma bayan rasuwarsa matarsa Betsy Pratt ta ci gaba da riƙe shi na tsawon kimanin shekaru 20. Da ta yanke shawarar sayarwa, sai ta zaɓi ta sayar wa mutanen da suka saba wasa a wurin. A watan Disamban 1995 wata ƙungiyar gama-kai da 'yan wasan suka kafa ta karɓi tsaunin a kan dala miliyan biyu da rabi. An fara sayar da hannun jari ɗaya a kan dala 1,500, kuma a 1998 aka sayar da na 1,667, wanda ya cika kuɗin cinikin.

Masu hannun jarin ba su saye shi don neman riba ba. Abin da suke samu shi ne ƙuri'a: su ne ke zaɓen kwamitin amintattu, su ne kuma ke yanke hukunci a kan manyan batutuwa. Ba dole ne mutum ya mallaki hannun jari kafin ya yi wasa a wurin ba, domin kowa na iya sayen tikiti. Amma yana da kyau baƙo ya san cewa ƙa'idojin da zai tarar, mutanen da yake bin layi tare da su ne suka gindaya su.

Kujera mai ɗaukar mutum ɗaya

Babban abin da wurin ya yi suna a kai shi ne na'urar da ke kai mutane ƙololuwar tsaunin. Kujeru ne da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe mai zagayawa, kuma kowace kujera mutum ɗaya tak take ɗauka. Tun 1948 take aiki. A duk faɗin Amurka irinta biyu ne kawai suka rage suna aiki, ɗayar tana garin Cordova na jihar Alaska. A manyan wurare kuwa, kujera ɗaya kan ɗauki mutum huɗu ko shida ko ma takwas.

Da na'urar ta tsufa, sai aka shiga muhawara a kan ko a musanya ta da mai ɗaukar mutum biyu. Masu hannun jari suka zaɓi a gyara tsohuwar, duk da cewa hakan ya fi tsada, aka kuma kammala aikin a 2007 a kan kuɗi kusan dala miliyan biyu. Wani zai ce ai da tsohuwar zuma ake magani, to amma akwai lissafi a cikin shawarar. Na'urar na iya kai mutum kimanin 500 ne kawai sama a cikin sa'a guda, wato ke nan cunkoson yana tsayawa ne a layin ƙasa, hanyoyin saukowa kuwa su kasance babu turereniya. A 2012 gwamnatin Amurka ta sanya wurin cikin kundinta na wuraren tarihi.

Ƙa'ida ta biyu da ya wajaba a sani kafin a taso daga gida ita ce, ba a yarda da allon zamiya guda ba, wato wanda ake ɗora ƙafafu biyu a kansa a tsaya a karkace. Katako biyu, ɗaya a kowace ƙafa, shi kaɗai aka amince da shi. An kafa wannan doka a farkon shekarun 1990, bayan matsalolin da aka samu wajen saukar masu allo daga kujerar a ƙololuwa, kuma masu hannun jari sun jaddada ta ta hanyar ƙuri'a. Wurare uku ne kawai a Amurka ke da irin wannan doka: Mad River Glen, da Alta da Deer Valley a jihar Utah. Iyalin da ɗansu ke wasan allo sai su nemi wani tsaunin.

Yaushe ya kamata a je?

Wannan ita ce tambaya mafi muhimmanci. Manyan wurare na da injuna masu fesa ruwa cikin iska mai sanyi ya zama ƙanƙara, ta yadda suke iya rufe akasarin hanyoyinsu ko da sama ba ta ba da komai ba. A Mad River Glen kuwa, ƙaramin sashe ne kawai na ƙasan tsaunin ke da irin waɗannan injuna. Ƙololuwar na da tsayin kimanin mita 1,100, kuma daga can zuwa gindin tsaunin saukowa ce ta kimanin mita 620, amma mafi yawan wannan tazara ta dogara ne a kan dusar da ta zubo daga sama.

A shekara mai kyau dusar kan kai jimillar kimanin mita shida. A shekara mara kyau kuwa lamarin kan yi tsanani. A sanyin 2015 zuwa 2016, wanda ya zo da ɗumi da ruwan sama, kwanakin da wurin ya yi a buɗe ba su kai 50 ba. Masana yanayi sun nuna cewa lokacin sanyi a arewa maso gabashin Amurka na daɗa ɗumama, abin da ke nufin irin wannan shekara na iya maimaituwa.

Saboda haka tsakiyar Janairu zuwa tsakiyar Maris ne lokacin da aka fi sa ran samun dusa mai kauri. Disamba caca ce. Kazalika yana da kyau a kauce wa lokuta uku na cunkoso: makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, da hutun tunawa da Martin Luther King a Litinin ta uku ta Janairu, da kuma makon ranar shugabannin ƙasa a Litinin ta uku ta Fabrairu. A irin waɗannan ranaku, da kuma ranar Asabar idan sabuwar dusa ta sauka, mutum na iya shafe rabin sa'a ko fiye a layi domin hawan da bai wuce kimanin minti goma ba. Daga Talata zuwa Alhamis kuwa sau da yawa layin gajere ne.

Wurin na wallafa rahoton yanayin dusa kullum a shafinsa na intanet, tare da bayanin hanyoyin da ke buɗe. Wajibi ne a duba shi da daddare, a kuma sake dubawa da safe kafin a tayar da mota. Wanda zai kama masauki kuma, gara ya nemi wanda za a iya sokewa ba tare da asarar kuɗi ba.

Hanya da masauki

Filin jirgin sama mafi kusa shi ne na Burlington, birni mafi girma a Vermont, kuma tafiyar kimanin sa'a guda ce a mota. Daga Boston tafiyar ta ɗan haura sa'o'i uku, daga Montreal ta Kanada kimanin biyu da rabi, daga New York kuwa biyar zuwa shida. Akwai jirgin ƙasa na kamfanin Amtrak da ke tasowa daga birnin Washington ya bi ta New York, yana tsayawa a Montpelier da Waterbury, amma daga tashar sai an nemi mota.

Tsaunin na kan hanya mai lamba 17, wadda ke hawa tana lanƙwasa ta ratsa tsakanin duwatsu. Tuƙi a kanta cikin ƙanƙara ba wasa ba ne ga wanda bai saba ba. Mai hayar mota ya tambayi irin tayoyin da ke jikinta, domin ba kowace motar haya ce ke da tayoyin sanyi ba, ya kuma guji tafiyar dare idan dusa na zuba. Wurin ajiye motoci ba shi da girma, yakan cika da wuri a ƙarshen mako.

Babu manyan otal-otal ko jerin kantuna a gindin tsaunin kamar yadda ake gani a wuraren manyan kamfanoni. Abin da ke akwai shi ne wurin sayen tikiti, da ɗakin cin abinci da shan ɗumi, da shagon hayar kaya, da makarantar koyon wasa. Masaukai na garuruwan Waitsfield da Warren da ke cikin kwarin, tafiyar 'yan mintuna a mota.

Batun kuɗi

Tikitin Epic da na Ikon ba su aka gina wannan wuri a kansu ba, don haka kada mai riƙe da ɗayansu ya ɗauka cewa zai shiga kai-tsaye ba tare da ya bincika ba. Tikitin yini ɗaya a Mad River Glen bai kai rabin na manyan wuraren Colorado ba, kuma yakan fi sauƙi idan an saya ta intanet tun kafin ranar, ko kuma a tsakiyar mako. Baya ga tikiti, akwai kuɗin hayar katako da takalma da sanduna da hular kwano, da kuɗin darasi, da na abinci da masauki. Sau da yawa waɗannan kan ninka kuɗin tikitin.

Ga mai son zagaya ƙananan wurare da dama, akwai tikitin Indy Pass da aka fara sayarwa a 2019, wanda ke bai wa mai shi damar yin kwana biyu a kowane ɗaya daga cikin wuraren da suka shiga tsarin. Bolton Valley da Magic Mountain na Vermont na cikin waɗanda suka shiga tun farko. Jerin wuraren na sauyawa kowace shekara, kuma akwai ranakun hutun da tikitin ba ya aiki a wasu wuraren, don haka sai a karanta sharuɗɗan da kyau.

Sabon shiga da kuma sanyi

Taken Mad River Glen ƙalubale ne ga mai wasa, wato ya gwada in zai iya. Hanyoyinsa na sama matsattsu ne, suna ratsa itatuwa da duwatsu, kuma da yawansu ba a bi su da injin daidaita dusa. A Amurka ana yi wa hanyoyi alama da launi: koren da'ira ga masu koyo, shuɗi mai kusurwa huɗu ga matsakaita, baƙin lu'ulu'u ga ƙwararru. Abin lura shi ne, kowane tsauni da kansa yake auna hanyoyinsa, saboda haka shuɗin nan na iya zama baƙin wani wuri.

Wannan ba ya nufin babu wurin mai koyo. Akwai ɗan tudu a ƙasa mai igiyar ja domin masu farawa, da kuma sashen da ake kira Birdland mai hanyoyi masu sauƙi. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da darasi a wurin mai koyarwa, kada ya bari abokai su hau da shi ƙololuwa a ranar farko. Raunin gwiwa shi ne ya fi yawa a wannan wasa, kuma jinya a Amurka na da matuƙar tsada, don haka a tabbatar cewa inshorar lafiya ta ƙunshi haɗarin wasannin ƙanƙara.

Sai kuma sanyin kansa. A Kano, idan ma'aunin zafi ya sauko digiri 12 da asuba a lokacin hunturu, akan ce sanyi ya yi tsanani. A tsaunukan Vermont kuwa, digiri 15 zuwa 20 ƙasa da sifili ba abin mamaki ba ne a Janairu. Amurkawa na amfani da ma'aunin Fahrenheit ne, inda 32 ke daidai da sifili, sifilinsu kuma ke daidai da 18 ƙasa da sifili a ma'aunin da aka saba da shi a Afirka. Idan sanyi da iska suka haɗu suka kai kimanin 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 30. Alamarta ita ce yatsa ko hanci ko kunne ya yi fari ya daina ji. Idan aka ga haka sai a shiga ɗaki nan take, a ɗumama wurin a hankali, kada a murza shi.

Tufafi hawa uku ake sawa: na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, da na waje mai tare iska da ruwa. A guji auduga a jikin fata, domin idan ta jiƙe da gumi sanyi take ƙarawa. Safar hannu mai kauri da abin rufe wuya da tabarau na musamman ba ado ba ne.

Salla da abinci da azumi

A ƙarshen Disamba rana na fitowa a Vermont bayan ƙarfe bakwai na safe, ta faɗi jim kaɗan bayan huɗu na yamma. Tun da na'urorin hawa na aiki ne daga kimanin tara zuwa huɗu, Azahar da La'asar duka kan faɗo cikin lokacin wasa. Ba a tanadi ɗakin salla ba, don haka sai mutum ya nemi kusurwa a ɗakin hutawa, ko ya tambayi ma'aikata inda ya dace. Alƙibla daga wannan yanki tana arewa maso gabas ne. Cire takalmin wasa aiki ne, shi ya sa ya fi sauƙi a yi alwala kafin a sa shi. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla ga matafiyi, da na shafa a kan huffi ko safa, batutuwa ne da ya dace a tambayi malami tun kafin tafiya.

Ɗakin cin abinci na sayar da giya, kuma naman alade kan shiga cikin miya da burodi ba tare da an ambata ba, don haka tambaya ta zama dole. Zuwa da guzuri daga gida abu ne da aka saba gani a ƙananan wurare. Shagunan naman halal da masallacin Juma'a sai a yankin Burlington. Kazalika a 'yan shekarun nan watan Ramadan na faɗowa cikin kakar wasan: a 2025 an fara azumi a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Iskar tsauni na busar da jiki ko da mutum bai ji ƙishi ba, abin da ya kamata mai azumi ya yi la'akari da shi.

Ga masu son tasowa daga gida Afirka kuwa, babbar matsalar ita ce biza, domin a 2025 gwamnatin Amurka ta tsaurara ƙa'idojin shiga ƙasar ga 'yan ƙasashe da dama, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan. Wanda burinsa kawai ya ga dusar ƙanƙara da idonsa, akwai Oukaimeden a tsaunukan Atlas na Maroko, kimanin kilomita 75 daga Marrakesh, kodayake can ma ba kowace shekara ce dusar ke wadata ba.

Ziyarar wuri irin Mad River Glen dai ba ta zo da tabbaci ba. Mutum na iya yin tafiyar sa'o'i biyar ya tarar ruwan sama ya wanke rabin tsaunin, kamar yadda zai iya tarar da sabuwar dusa har gwiwa ba tare da kowa a gabansa ba. Wanda ya bar wa kansa kwana ɗaya ko biyu na rara, ya kuma tanadi wani tsaunin da zai koma idan yanayi ya ɓaci, shi ne ya fi samun biyan bukata. Kuɗin tikitin da ya biya kuma a cikin kwarin zai tsaya, wajen biyan ma'aikata da gyaran na'urar da ke ta zagayawa tun 1948.